Ƙullutun Masu Ciki

"Buɗe bakinki in gani."

Rihab ta ɗago daga kan kofunan shayin da take jerawa a tire, ta zaci ba da ita ake ba. Amma daga ita sai Hajja Ni'imat ne a kicin ɗin, kuma tsohuwar ta riga ta sa ƙafa ta tura ƙofa.

"Tant...?" ta ce, yadda ake kiran manyan mata a nan don girmamawa.

"Na ce ki buɗe. Ba cinye ki zan yi ba."

Kafin ta yi wani motsi Hajja ta kama haɓarta da yatsun da har yanzu ke warin albasa da man agwagwa, ta juya mata fuska wajen taga, ta ɗage leɓenta na sama kamar mai taya tunkiya a kasuwa. Abin da Rihab ta daɗe tana ɓoyewa ya fito sarari: wani jan ƙullutu mai sheƙi, bai wuce ƙwayar wake ba, zaune daram a kan dasashi tsakanin haƙoran gefe. Ɗan taɓin nan kaɗai ya isa. Jini ya tsatso, ta ji gishirinsa a harshenta.

Hajja ta daɗe tana kallonsa. Daga nan idonta ya bar bakin, ya gangaro a hankali ta wuya, ta ƙirji, ya tsaya cak a kan cikin Rihab.

"Irinsa ya taɓa fito mini," ta ce ƙasa-ƙasa, tana goge yatsu da gefen rigarta. "Nan daidai, wannan gefen. Lokacin ina ɗauke da cikin Hatim."

Ta ɗauki tiren da kanta ta fice.

Rihab ta dafa bango. Ba yarinya ba ce, ta fahimci abin da aka gaya mata sarai. Uwar mutumin da za ta aura ce ta kalli tsabar idonta ta ce mata tana da ciki, alhali ko ɗaurin aure ba a yi ba. Kuma Hatim ɗin nan, Allah ne shaida, bai taɓa wuce riƙe mata hannu wajen tsallaka titi ba.

Tun bara aka karanta musu Fatihar baiko. Hatim ya sa mata zobe a hannun dama, ya kai shabka, gwal ɗin baiko, aka tsayar da ɗaurin aure bayan Babbar Salla, idan jirgin kamun kifin da babanta ke aiki a ciki ya dawo daga teku. Hatim kafinta ne kamar rabin mazan garinsu Dumyat, mai sassaƙa furanni a jikin gadajen amare, ga hannu, ga haƙuri, ga ƙarancin magana har wani lokaci ta ji kamar ta kama shi ta girgiza. Ita kuwa malamar 'yan aji biyu ce, bakinta ba ya hutawa. Shi ya sa da bakin ya yi shiru kowa ya lura.

Ƙullutun kamar ƙurji ya fara, ta share shi. Sai ga shi yana girma, yana jini in ta goge baki, yana jini in ta ciji burodi. Ba don abin da ya faru da baban Hatim ba, da tuni ta nuna wa Hatim ɗin. Amma baban nasa, Usta Gharib, shi ma da ɗan abu a gefen harshe ya fara, har yana yi wa kansa dariya, shekara ba ta zagayo ba aka kai shi makwancinsa. Mugun ciwon nan ne da mu a nan ba ma kiran sunansa, sai dai mu ce "wancan, Allah ya nisanta mu da shi". Hatim ne ya yi jinyarsa, shi ya riƙa ɗura masa romo da cokali har ranar ƙarshe. To ta yaya za ta tsaya a gabansa ta ce, duba, ni ma ga nawa?

Sai ta shiga ɓoyo. Ta daina dariya sai da tafin hannu a baki. In sun fita bakin ruwa a Ras el-Barr ya sayo mata gasassun 'ya'yan kankana, waɗanda a da take fasawa da haƙori har ɓawon ya taru a cinyarta, sai ta ce ba ta sha'awa. Abinci a gaban mutane ya koma tsakura. Jinin da take haɗiyewa don kada a gani ya riƙa tayar mata da zuciya, har wata Juma'a ta tashi daga teburin Hajja a guje ta nufi banɗaki. Ita a tunaninta mutuwa take ɓoyewa. Baiwar Allah ba ta san cewa budurwa mai ƙin abinci, mai amai, mai ɓoye-ɓoye, wani labarin daban take ba tsofaffi ba.

Da tsoro ya ci ƙarfinta ta tafi wajen likitar haƙori ita kaɗai. Ta zaɓi wata Dakta Suhair can ƙarshen gari don kada ta haɗu da idon sani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: tana tura ƙofa ta ga Nashwa a teburin karɓar marasa lafiya. Nashwa 'yar ƙanwar Hajja ce, wadda tun tana goye Hajja ke kiranta "amaryar Hatim", kuma har yau ba ta gama haɗiye ranar da Hatim ya ce shi Rihab yake so ba. Ta tare ta da sumba a kunci biyu, da "habibti", wato masoyiyata, mai zaƙi kamar zuma.

Dakta Suhair ta duba, ta danna, ta yi murmushi. Ta ce ba abin tsoro ba ne ko kaɗan, ba wancan ba ne. Nama ne ya yi fushi ya tsiro saboda wani abu na sukarsa, ko dattin da ya daskare a gindin haƙori, ko wani abu da ya maƙale a ƙarƙashi. Za a yanke shi a kai ɗakin gwaji don hankali ya ƙara kwanciya. A daidai nan Nashwa ta shigo da tiren kayan aiki.

"Mutane suna ce masa ƙullutun masu ciki," in ji Dakta, "don ya fi fito wa masu juna biyu..."

Nashwa ta ajiye tire ta fita, ta ja ƙofa.

"...amma yana fito wa kowa. Kwanan nan na cire wa wani direban tasi, da gashin bakinsa da komai."

Rihab har da dariya a lokacin, dariyar wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji. Ta yi niyyar gaya wa Hatim in an cire an gama. Sai yau a kicin ɗin Hajja ta tuna ƙarar rufe ƙofar nan, ta gane daidai inda aka yanke maganar.

Ta kuskure baki ta fito falo. Hatim na zaune da kofinsa a hannu bai sha ba. Ya ɗago ya dube ta, ya sauke ido. Sai yanzu ta lura cewa tun zuwanta bai tsokane ta ko sau ɗaya ba, bai tura mata cinyar agwagwa gabanta yadda ya saba ba. Ashe shi ma an gaya masa? Tun yaushe? Da ya tare ta a bakin ƙofa da sannu da zuwa, da wannan maganar a cikinsa ya tare ta?

Ya rako ta gida bayan la'asar. Suka bi ta layin kafintoci, shaguna a rufe saboda Juma'a. Sai a gindin benensu ya tsaya.

"Rihab... ba abin da kike so ki gaya mini?"

"Kamar me?"

"Ke kika sani."

Ta kalle shi. Da ya ce "me ke damunki, habibti", wallahi da ta fashe da kuka ta zazzage masa komai a wurin. Amma "ke kika sani"? Wannan ai maganar ɗan sanda ce. Zuciya ta ɗebe ta, ta ce ita ba ta san komai ba, ta haye sama ko waiwaye babu.

Washegari Hajja Ni'imat ta hau benen da ƙafarta, tana haki tana salati, ta zauna a falon Sitt Awatif, mahaifiyar Rihab, ta ƙi taɓa shayi. Ƙin shan shayi a gidan surukai kuwa, kowa ya san ba alheri ke tafe ba. Ta yi dogon zagaye, ta ce ita uwa ce, ta ce yarinyar tamkar 'yarta ce, ta ce zato zunubi ne. Sannan ta sauke kayanta. Likita da bakinta ta kira abin ƙullutun masu ciki, akwai wanda ya ji. Ita ma ta gani da idonta, kuma ta san shi don ta taɓa yinsa. Ɗanta ya rantse mata bai taɓa yarinyar ba. To ke nan fa? Abu mai sauƙi ne: a je a yi gwajin ciki, a wurin da ita za ta zaɓa, tana tsaye. In an ƙi, a maido musu da shabkarsu, kowa ya kama gabansa cikin rufin asiri.

Sitt Awatif ta dafe ƙirji. Ta miƙe tsaye ta wanke Hajja tas, ta ce 'yarta ta fi ƙarfin wannan ƙazafin, ta ce gidansu gidan talakawa ne amma ba a taɓa nuna shi da yatsa ba. Rihab ta fito daga ɗaki ta faɗi sauran maganar likitar, har da direban tasi. Hajja ta taɓe baki tana gyara mayafi.

"Direban tasi," ta ce. "To, Allah ya sauke shi lafiya."

Rihab ta ji daɗin yadda uwarta ta tsaya mata, amma daɗin bai je ko'ina ba. Ana rufe ƙofa Sitt Awatif ta juyo ta kama kafaɗunta, idonta cike da hawaye.

"Rihab, dube ni. Ni na haife ki. In akwai wani abu, gaya mini tun babanki bai sauko daga jirgi ba."

"Mama... har da ke?"

Wannan ta fi ta Hajja ciwo. Uwar ta yi ta rantsuwa ba zarginta take ba, tsoro ne kawai. Ta ce tunda ba komai a je a yi gwajin mana, ɗigon jini ne fa, ciki da gaskiya ai wuƙa ba ta huda shi, a toshe bakin kowa a huta. Rihab ta ce ba inda za ta. Ta san gwajin zai wanke ta, ko ɗar ba ta ji. Amma macen da ta shiga gidan miji da shaidar wanke kai a hannu, har ta mutu ana tambayarta shaida. Yau ciki ne, gobe a ce wa ya kira ta a waya, jibi a ce yaron bai yi kama da kowa ba. Ta ce abu ɗaya take jira. In Hatim da bakinsa ya ce ta je ta yi, za ta yi, ta haɗa masa sakamakon da gwal ɗinsa a leda ɗaya.

Hatim bai ce ta yi ba. Bai ce kada ta yi ba. Bai ce komai ba, ko waya. Shirun nan ya fi komai cin ranta, ta yi ta juya shi kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Ta daina yarda da kowa. Maƙwabciyarsu ta ce mata ta yi haske kwanan nan, ta wuni tana tunanin me matar take nufi. Shugabar makaranta ta turo mata kujera a taron malamai, ta ƙi zama. Rannan daga cikin bas ta hango Nashwa a ƙofar shagon Hatim da kwanon abinci a hannu, tana gyara ɗankwali tana murmushi. Bas ta wuce kafin ta ga ko ya karɓa. Kafin ta isa gida ta yanke wa kanta cewa ya karɓa, ya ci, har ya suɗe kwanon.

Ranar cirewa ta tafi ita kaɗai, ta ce wa uwarta ba sai ta raka ta ba. Nashwa na nan a teburinta, ta miƙe da fara'a.

"Habibti, kin rame. Kin tabbata allurar ba za ta yi miki illa ba... a halin da kike ciki?"

"Halin da nake ciki ke kika sa ni, Nashwa. Rabin magana kika tsinta kika gudu da ita."

"Ni? Abin da kunnena ya ji na gaya wa Inna Ni'imat, ban ƙara ko wasali ba." Ta sunkuyo ta rage murya. "Ai ba ni kaɗai ke da shakka ba. Jiya Hatim ya zo nan, ya shiga wajen Dakta da kansa."

Rihab ta wuce ta, ta shige ɗakin likita. Ta so ta ce ƙarya ce, amma tana zama a kujera Dakta Suhair ta tabbatar mata tun ba ta tambaya ba. Wani saurayi ya zo jiya, ya ce shi ne zai aure ta, yana da tambaya. Ita kuwa ta ce masa ba ta maganar mara lafiya da kowa, ko da mijinta ne, ta nuna masa hanya. Sannan ta tambayi Rihab ta ina ma ya san tana zuwa nan. Rihab ta gaya mata, tun daga tiren kayan aiki har kicin ɗin Hajja. Dakta ta dubi ƙofa, fuskarta ta canza.

Ba zafin allura ne ya sa Rihab hawaye ba. Shi ke nan, ya ba ta amsarta. Mutumin da ya kasa hawa benensu ya tambaye ta, ya iya ratsa gari ya zo bincikenta a bayan idonta.

Aikin bai daɗe ba. Dakta ta yanke ƙullutun, ta kankare ƙarƙashinsa, ta ɗago wani ɗan baƙin abu a bakin ƙarfenta ta nuna mata. Tsinin ɓawon 'ya'yan kankana ne ya shige ƙarƙashin dasashi ya yi zamansa. Wai wannan ɗan abin da bai kai yankan farce ba, shi ne zai kashe mata aure. Aka yi ɗinki, aka cusa mata auduga, aka ce ta cije sosai, kada ta yi magana sai jinin ya tsaya.

Tana saukowa ta gan shi. Yana zaune a tsakiyar matakala da rigar aikinsa, garin katako a gashinsa har gira. Ya miƙe. Ta yi kamar ba ta gan shi ba, ta raɓa za ta wuce, hannunta na hagu na kokawar zare zoben daga na dama. Ya tare hanya.

"Tsaya, don Allah. Na je gidanku, Tant Awatif ta ce kina nan." Ya dubi kuncinta da auduga ta kumbura. "An hana ki magana ko? To alhamdu lillahi. Tunda na san ki ban taɓa samun dama irin wannan ba."

Ta watsa masa harara mai kashe mutum. Bai yi dariya ba.

Ya ce e, ya zo jiya, ba zai ɓoye ba, kuma da tambayoyi biyu ya zo. Ranar da Mama ta kira shi ɗaki ta gaya masa, ita maganar ciki take yi, shi kuwa kunnensa ya tsaya a kan "ƙullutu a baki". Babansa ya gani. Ya tuna yadda take rufe baki, yadda ta daina ci, ya ji ƙasa na juyawa da shi. Abin da yake nufi ke nan a gindin bene, amma harshensa ya ƙi ɗaukar sunan ciwon.

Ya sunkuyar da kai.

"Ta biyun kuma... Rihab, ba zan yi miki ƙarya ba. Na zarge ki."

Ta rufe ido.

"Ban so ba, amma na yi. Mama tana faɗa, Nashwa tana faɗa, ke kin ƙi gaya mini komai. Na zauna a shago ina bin mazan makarantarku ɗaya bayan ɗaya a raina. Har malamin lissafin nan mai sanƙo. Na ji kunyar kaina, amma ban fasa ba, na taso na zo nan."

Ya ce da likitar ta kore shi, ya fita yana zaginta a zuci. Ya koma shago ya ci gaba da sassaƙar allon gadonsu, don hannunsa ne kawai ya rage mai tunani daidai. A nan ya gane abin da ya kusa yi. Da likitar ta amsa masa, da ya zo wurinta da murna, da an sha biki an watse, amma da maganar likita ya aura, ba ta Rihab ba. Kuma da ya riƙa tuna hakan duk lokacin da ya dube ta.

"Na gaya wa Mama ba gwajin da za a yi. Ta ce ba za ta zo ɗaurin auren ba. Na ce zan yi baƙin ciki, amma za a ɗaura." Ya matso kusa. "Har yanzu ban san komai ba, kin ji? Ba wanda ya gaya mini komai. Abu ɗaya nake roƙo, ki amsa ko da da kai ne. Irin na Baba ne?"

Ta girgiza kai.

"Kin tabbata? Likita ce ta ce?"

Ta gyaɗa.

Ƙaton kafinta mai ɗaukar kabad shi kaɗai a gadon baya ya zube a kan matakala, ya rufe fuska da tafukansa yana kuka, kafaɗunsa na tsalle. Wani tsoho da ke hawowa riƙe da kumatu ya tsaya ya dube su, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya raɓa ya wuce. Ya zaci rasuwa aka yi.

Rihab ta tsaya a kansa. Haushinsa bai tafi ba, yana nan da zafinsa a ƙirjinta. Malamin lissafi fa! Amma tana son mutumin nan, so mai yawa, ba yadda ta iya. Kuma ta ga nata laifin ƙiri-ƙiri: ta ɓoye masa don ta kare shi, sai ta bar shi a duhu shi kaɗai da masu raɗa. Ta sa yatsu biyu ta zaro audugar.

"Tambaye ni ɗayar."

Maganar ta fito a karkace, rabin leɓenta a mace. Ya ɗago a firgice.

"A'a. Na ce ba na buƙata. Mayar da audugar, habibti."

"Ni nake buƙata. Ka saurari Tant Ni'imat, ka je wajen likita, har katako ka tambaya. Ni ce ba ka tambaya ba. Tambaye ni, Hatim."

Ya daɗe yana kallonta. Da ƙyar tambayar ta fito.

"Akwai...?"

"Babu."

"Shi ke nan."

"Shi ke nan kawai?"

"Ai kin faɗa."

Ta nemi wani abu a idonsa, ɗan saura, ɗan ɓurɓushi, irin wanda ta kwana biyu tana gani a idon kowa har na uwarta. Ta duba sosai, don yanzu ta zama gwanar dubawa. Ba ta samu ba.

"Ba zan manta ka zarge ni ba," ta ce.

"Kada ki manta. Ni ma ba zan manta ba."

Jini ya gangaro ta gefen bakinta. Ya zaro hankicinsa, ya ga duk garin katako ne, ya mayar. Ya karɓi ledar audugar da likita ta ba ta, ya naɗe sabuwar auduga da yatsunsa masu kanta ya miƙa mata, ta cije. Zoben da ya tsaya mata a gaɓar yatsa ta tura shi ya koma mazauninsa, suka sauka tare.

Sakamakon naman ya fito lafiya lau. Nashwa ta bar aiki wajen Dakta Suhair, ita ta ce gajiya ta yi, mu dai wani abu daban muka ji. Aka ɗaura aure bayan Salla a masallacin unguwa. Baban Rihab, da ƙanshin teku har yanzu a jikinsa, ya sa hannunsa cikin na Hatim ƙarƙashin farin hankici yadda ake yi a nan, bai san an yi wani abu ba, kuma har yau bai sani ba. Hajja Ni'imat ta rantse ba za ta zo ba, ta zo. Ta zauna a gaba ta ƙi yin guɗa, idonta kuwa ba a kan fuskar amarya yake ba.

Haka ta yi ta kallo. Duk Juma'a in sun zo cin abinci, kafin ta amsa gaisuwa sai ta auna rigar Rihab da ido, kana ganin leɓenta na ƙirga watanni. Rana dai ba ta ƙarya. Watannin suka cika, suka wuce, ciki na nan a shafe. Ba ta ba da haƙuri ba, irin su Hajja ba sa yi, sai dai ta fara zuba wa Rihab shinkafa fiye da ta kowa.

Wata Juma'a, an doshi shekara, ta ajiye cokali ta yi ajiyar zuciya, ta ce 'yar maƙwabciyarta da aka aurar bayansu har ta haihu. Ta dubi Rihab, wannan karon a fuska.

"Ke kuwa, 'yata... har yanzu shiru? Ko dai mu je a duba ki? Akwai wata likita da na sani..."

Rihab ta ƙware. Ta kurɓi ruwa, ta shirya za ta yi magana, maganar shekara guda ce cike da bakinta, amma Hatim ya riga ta. Ko ɗagowa daga farantinsa bai yi ba.

"Ba inda za ta je, Mama. In akwai, za ta gaya mana. In ta ce babu, babu."